Kafaɗun da Suka Ɗauki Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a nan Kuala Lumpur wata Talata da hantsi, a tsakiyar dokar kullen korona. Kafin azahar guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan Arewa ya cika ya batse. Wani ya rubuta cewa babban bango ya faɗi. Wata ta turo muryarta tana kuka, ban tsinci komai a ciki ba sai "Baba Dokta, Baba Dokta." Wani ɗalibi daga unguwar Setapak ya ce shi yau ya zama maraya. Shugaban ƙungiyarmu ya jero halayen marigayi da lamba, na ɗaya zuwa na bakwai: malamin jami'a, likitan dabbobi, mai sallah a jam'i, uban baƙi. Duk gaskiya ne. Washegari da aka je binne shi, ko mutum ɗaya daga cikin masu wannan kukan ban gani a maƙabarta ba.

Yanzu ƙungiya za ta haɗa ɗan littafin tunawa a aika wa dangi a Kano, kuma ni aka ba shafi biyu, tunda ni na zauna a gidansa shekara huɗu ina karatu. Shugaba ya kira ni ya yi mini bayani.

"Ka rubuta karatunsa da hidimarsa," in ji shi. "Amma maganar ball ɗin nan, please, ka bar ta. Dattijo ne, a bar shi da mutuncinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekarun da ya yi yana buga ta sun fi shekaruna a duniya."

"To ai ba sai kowa ya sani ba lah," in ji shi, da "lah" ɗin nan da Malayawa ke rufe magana da ita.

Ga abin da na rubuta. Ya wuce shafi biyu, kuma ba zan cire ko layi ɗaya ba. Raina a ɓace yake, ba na ɓoyewa.

Wasan da ake so in rufe kamar abin kunya, ƙwallon mutanen Ostireliya ne. Ƙwallon tana da siffar gwanda. Ana buga ta da ƙafa, ana cafe ta da hannu, amma ba a jefa ta. In za ka miƙa wa ɗan'uwanka sai ka ɗora ta a tafin hannu ka naushe ta. Filin ya fi namu girma nesa ba kusa ba, da sanduna huɗu a kowane ƙarshe, kuma an yarda ka taka gadon bayan mutum ka hau sama ka kama ƙwallo. Kawu ya haɗu da wasan ne yana saurayi, bayan ya gama karatun likitan dabbobi a can, aka tura shi wani ƙaramin gari inda tumaki suka fi mutane yawa. Ranar Asabar duk garin yana fili, har mai kantin magani. Wani manomi da Kawu ya ceto wa saniya wajen haihuwa ya ce masa ƙungiyarsu ta rasa mutum ɗaya, ya zo ya cike.

Ya je. Ƙwallon farko da ta taho masa daga sama, sai ya maida hannayensa baya ya sa mata kai, yadda aka koya masa a firamare cewa taɓa ƙwallo da hannu laifi ne. Tsininta ya fasa masa goshi. Duk filin ya kwashe da dariya, shi ma ya taya su, jini na zuba. Tabon nan bai taɓa ɓacewa ba. Na gan shi ranar da muka yi masa wanka.

Masu maganar mutunci su saurari wannan. Wandon wasan gajere ne ƙwarai, Kawu ya ce shi ba zai fita da cinya a waje ba. Ya ɗauki wandon shaddarsa ya yanke a ƙasan gwiwa ya saka a ciki. Suka yi masa tsiya har suka gaji, daga baya matar manomin nan ta ɗinka masa wani mai launin ƙungiyar. Da ya yi aure, Hajiya matarsa ta karɓi ɗinkin. Bai taɓa shiga fili gwiwarsa a buɗe ba. Azumi ma bai hana shi wasa ba. A hutun rabin lokaci al'adarsu su sha yankakken lemo, shi kuma sai ya zauna gefe yana kallon takalminsa. Bai roƙe su komai ba, amma wata Asabar ya ɗaga kai ya ga duk sun koma bayan rumfa da farantinsu don kada ya gani. Haka suka ci gaba da yi duk azumi har ya bar garin.

A baya yake tsayawa, wurin tsaro, inda ba a samun tafi. Aikinsa ya bi mafi haɗari a cikin abokan hamayya, in mutumin ya tashi zai cafe ƙwallo ya sa dunƙule ya watsar da ita. In an tambaye shi me yake yi a fili sai ya ce, "Ni aikina kada wani ya ji daɗi." Sau ɗaya tak ya taɓa cin ƙwallo a duk rayuwarsa, kuma ko ita ba ya yarda a yaba masa. "Iska ce ta ci," in ji shi, "ni dai na buga." Ya ga samari sun shigo, sun yi suna, sun yi ƙiba, sun bari, 'ya'yansu sun shigo, shi yana nan a baya da dogon wandonsa.

Da Hajiya ta matsa tana son garin da za ta riƙa jin kiran sallah, ya karɓi aikin koyarwa a nan. Ta ɗauka an rabu da ƙwallo ke nan. Bai yi wata biyu ba ya binciko wasu 'yan Ostireliya da ke aron fili suna bugawa tare da Malayawa da Indiyawa da 'yan China. Ya ci gaba daga inda ya tsaya, furfura na fitowa, yana bin yara sa'o'in 'ya'yansa yana hana su jin daɗi.

Wasan ya bar masa alama a ko'ina. Yatsunsa babu guda biyu da suke kallon wuri ɗaya. Kafaɗarsa ta dama ta goce sau da yawa, har ya iya maida ita da kansa a jikin ƙofa. Kuma ba ya miƙa abu kamar mutane. In ka ce, "Kawu, miƙo burodi," sai ka ga ya ɗora shi a tafi ya nauso maka daga can ƙarshen tebur. In ya faɗi ƙasa, laifinka ne. "Hannu biyu Allah ya ba ka," zai ce, "ɗayan na ado ne?" Hajiya ta hana shi yin haka da ƙwai da kuma wayarta, sauran kayan gidan kuwa ta sallama.

Ba zan wanke kaina ba, ni ma na taɓa jin kunyarsa. Shekarata ta farko, a taron Sallah da ƙungiya ke yi a wani lambu a Bukit Jalil, kowa ya sha babbar riga, sai ga Kawu ya fito da gwandarsa daga but ɗin mota, ya tuɓe rigarsa, ya rage 'yar shara mai ratsi irin ta ƙungiyarsu. Shugaba ya taso har inda yake.

"Haba Baba Dokta, girmanka ya wuce wannan. Ga iyali, ga baƙi."

Kawu ya ce, "Alhaji, girman nawa a cikin rigar yake? Ga ta can a kan kujera, ka gaishe ta."

Mutane suka yi dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. A mota na ce masa, "Kawu, gaskiya Shugaba bai yi ƙarya ba. Ana magana a kanka." Muka tsaya a mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi, ya yi mana tapau na roti, wato ƙunshin gurasarsu na tafiya gida. Da ya dawo ya zauna, ya ce, "Ɗan ƙanwata, a garin da na zauna ni kaɗai ne baƙin mutum, ni kaɗai ne mai sallah. Da ban shiga filin nan ba, da har na bar garin ba wanda zai san gidana. Mutanen nan sun san ni a inda ake faɗuwa a tashi. Ka zo ranar Asabar ka gani, sannan ka ji kunyar." Na yi kwana uku ina kumbure-kumbure, ranar Asabar na bi shi.

Daga nan na zama mai riƙe masa ruwa, shi ya sa ina wurin ranar wasansa na ƙarshe, shekara guda kafin annoba, bayan likita ya rantse masa cewa zuciyarsa ba za ta ƙara ɗauka ba. Suna da wata al'ada. In wanda ya daɗe yana wasa zai bari, ba ya fita daga fili da ƙafarsa. 'Yan wasan ɓangarorin biyu sai su yi layi biyu su bar hanya a tsakiya, mutum biyu su ɗora shi a kafaɗa su ratsa da shi ana tafi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki Kawu wani Bature ne da muke kira Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu. Ɗayan kuwa wani Bamalaye ne gajere. Kawu ya karkace a sama kamar buhu a kan jaki, yana riƙe da kan Dogo yana ihu da Hausa, "Za ku kashe ni, 'yan banza!" Da suka sauke shi na ga yana share ido da 'yar shararsa. Ya ce gumi ne.

Akwai wani ɗaukan da Kawu ya fi kowa sani, kuma a nan ne maganar take yi mini zafi. Duk ɗan Najeriyar da ya mutu a garin nan, Musulmi ko Kirista, lambar Kawu ake fara kira. Shi ya san tagar da ake zuwa a asibiti, da takardar da 'yan sanda ke so, da limamin da zai yarda ya yi sallah. In Musulmi ne shi ke wanka, kuma shi ke fara sa kafaɗa a makara, wannan kafaɗar dai mai gocewa. Na taɓa ce masa ya bar wa matasa. Ya ce, "Gawa ba ta da nauyi in an yi huɗu. In an yi uku ne take da nauyi." Mahaifiyar Shugaba da ta zo jinya ta rasu a nan, Kawu ne ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Zuciyar ce ta ɗauke shi, yana zaune yana shan shayi. Asibiti suka yi gwaji suka tabbatar ba korona ba ce, suka ba mu gawa. 'Ya'yansa mata biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Ostireliya, iyakoki a rufe. Hajiya ta shiga takaba. Namiji a dangi ni kaɗai ne. A ofishin 'yan sanda aka ba ni takarda mai layi goma, aka ce in rubuta sunayen waɗanda za su raka shi, da ita za su wuce shinge. Na rubuta sunana a layin farko. Na ɗauki hoton takardar da na sakamakon gwajin na tura guruf, na ce ga gurbi tara, a turo suna kafin la'asar.

Addu'o'i suka ci gaba da sauka, suna bai zo ba. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya a waya.

"Wallahi da na zo, amma madam tana da asthma."

"Ka san roadblock ɗin nan, ba sa jin magana."

"Are you sure ba ita ba ce? Asibiti suna ɓoyewa fa."

Shugaba ya ce yana tare da mu a zuciya. Ban ce tsoro laifi ba ne. Lokacin kowa a tsorace yake, ni ma hannuna har ya yi fari don wanki. Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye na yi shiru har abada.

La'asar ta yi, ina zaune a kan dakalin ofishin da layi tara babu kowa, sai ga kiran Dogo. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Mun san ba addininmu ɗaya ba, ba ma son mu takura muku. Amma ko akwai inda za mu tsaya daga nesa mu ga wucewarsa?" Na ce masa ya turo mini sunaye tara da lambar katinsu. Kafin in tashi daga dakalin sun iso.

Da safe na tarar da su a ƙofar maƙabarta. Sun sa dogayen wanduna da takunkumi, kowa ya ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, yadda suke yi in ɗan ƙungiya ya mutu. Ba wanda ya ce musu komai, suka yi layi biyu daga inda mota ta tsaya zuwa bakin ƙofa, da tazara tsakaninsu, suka bar hanya a tsakiya. Biyu daga cikinsu Musulmi ne, gajeren Bamalayen nan da wani ɗan Indonesiya. Da ni, mun zama uku. Liman tsoho ne mai sanda, direban motar kuma ya ce shi aikinsa tuƙi. Masu haƙa suna can ciki wajen kabari. Makara tana da kusurwa huɗu.

Muka tsaya muna kallon juna. Dogo ya fito daga layi ya je gaban liman ya tambaya ko an yarda ya kama daga mota zuwa ƙofa kawai, ba zai shiga ba. Liman ya dube shi tun daga ƙasa har sama, ya dubi kusurwar da ba kowa, ya ce, "Boleh," wato an yarda.

Muka ɗaga. Nan take makarar ta karkace, don kafaɗar Dogo tana daidai kunnena. Sai na ji nauyin ya daidaita. Na waiga na ga ya lanƙwasa gwiwoyinsa, gwiwoyin da aka yi wa aiki har sau biyu, yana tafiya a durƙushe don kada Kawu ya zame. Haka ya ratsa tsakanin layukan nan, taku ɗaya bayan ɗaya, hawaye na jiƙa masa takunkumi. Ba wanda ya tafa. A bakin ƙofa ɗaya daga masu haƙa ya karɓe shi, Dogo ya koma ya tsaya a rana tare da sauran har muka gama muka fito.

Ɗaya daga cikin 'yan ƙwallon ya ɗauki hoto don 'ya'yan Kawu, babbar ta tura wa wata ƙawarta, kafin magariba ya shiga guruf. Mutanen da suka kasa turo suna sai ga shi bakinsu ya buɗe. Wani ya ce baƙin ƙyalle bidi'a ne. Wani ya ce an mai da jana'iza filin wasa. Shugaba ya turo murya, har yanzu tana wayata: "Gaskiya an yi abin kunya. A ce wanda ba Musulmi ba ya ɗauki gawar dattijo kamar Baba Dokta? Ai da an yi shawara da manya." Shawara da manya! Na kira manyan nan ɗaya bayan ɗaya, wayata shaida ce. Gurbin da Dogo ya tsaya a ciki na wani ne daga cikinsu, kuma har la'asar a buɗe yake.

Na kunna wa Hajiya muryar. Tana zaune a kan darduma da carbinta, ta saurara har ƙarshe. Ba mace ce mai yawan magana ba, kuma shekara da shekaru tana yi wa ƙwallon nan tsiya. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar sharar mai ratsi da dogon wandon, a goge a ninke.

Ta ce, "Manyan rigunan a raba wa duk wanda ke so. Wannan ka kai wa wanda ya durƙusa."

Na ce, "Hajiya, za a yi magana."

"A yi. Ni na ɗinka, ni na bayar."

Na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, muka tsaya a bakin get ɗinsu kamar wawaye har mai gadi ya fara kallonmu.

Ina cikin wannan rubutun, shekaranjiya da safe, Shugaba ya sake kira. Na ɗauka maganar shafi biyu ce. Ashe wani ɗalibinmu ne ya rasu a asibiti, ciwon ƙoda, ba shi da kowa a ƙasar nan. Muryar Shugaba ta yi laushi. Ya ce ba su san ta inda ake farawa ba, da Baba Dokta ne ke yin komai, ko na san tagar da ake zuwa?

Na sani, Kawu ya nuna mini. Na ce zan je, kuma na je, don yaron ba shi da laifi. Amma kafin in ajiye wayar na ce, "Ranka ya daɗe, takardar layi goma ce. Suna nawa ka samu?"

Ina jin numfashinsa.

Na ce, "To ka sa naka a layin farko, ni na biyu. Sauran ina da lambar mutanen da suka iya ɗauka. Sai dai ka yi haƙuri, 'yan ƙwallo ne."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya fi filin nan nasa faɗi. Ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri. Mu kuma da muka rage a ƙasar mutane, in tamu ta zo, Allah ya sa a samu na huɗu.